Atisayen tsalle ga yara 'yan makaranta

Atisayen tsalle, wanda masana wasanni ke kira filayometirik, wani nau'in motsa jiki ne da ake ta maimaita tsalle da dira cikin sauri domin ƙafa ta samu ƙarfi da zafin nama. Wani koci ɗan Tarayyar Sobiyat, Yuri Verkhoshansky, shi ya tsara shi wajajen shekarun 1960, inda ɗan wasa zai diro daga kan akwati ya sake tashi sama nan take. Shi kuwa sunan filayometirik ɗin, Fred Wilt ne ɗan Amurka ya yaɗa shi a 1975.

Yadda abin yake aiki shi ne, in yaro ya dira, tsokar cinya da ta sha-raɓa da agarar bayan ƙafa sai su miƙe kamar an ja danƙo, in ya sake tashi da wuri ƙarfin nan da suka tara zai taimaka ya cilla shi sama, amma in ya tsaya ɓata lokaci a ƙasa to ƙarfin ya zirare kenan. Shi ya sa za ka ji koci yana cewa a taɓa ƙasa kamar mai zafi.

Wani abu da iyaye da yawa ba su gane ba, yaron da bai balaga ba tsokarsa ba ta wani kumburo don ya yi atisaye, saboda sinadarin testosteron bai yi yawa a jikinsa ba tukuna. Ƙarfin da yake samu yawanci daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, sun koyi tada tsoka da sauri kuma a tare. Sai ka ga yaro bayan sati 6 zuwa 8 jikinsa yana nan yadda yake amma tsallensa ya ƙara nisa, gudunsa ma haka. Ƙashi shi ma yana amfana sosai, don bugun nan na dira yana sa shi ƙara ƙwari, musamman daf da balaga lokacin da ƙashi ya fi ginuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idarta ta 2020 ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na minti 60 a rana, da mai ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a sati.

Shi atisayen tsalle kansa, kwana biyu a sati ya isa, da hutun kwana ɗaya ko biyu a tsakani, kan ciyawa ko tabarmar roba, ba kan siminti ba. A fara da tsallen igiya da tsalle da ƙafa biyu kafin a kai ga na ƙafa ɗaya, kuma dira ake fara koya wa yaro, gwiwa a lanƙwashe ba ta karkata ciki ba, ba tare da ƙarar "dim" ba. Diro daga akwati mai tsawo dai gaskiya ba na ƙananan yara ba ne, don ƙarshen ƙashinsu da ke girma bai gama ƙwari ba, kuma in yaro ya fara kukan ciwo a ƙasan gwiwa ko a diddige sai a dakata har ya lafa.