Mene ne “ƙuri'ar zaɓin farko” a siyasar Ailan?

Duk mai bin labarin jam'iyyar Sinn Féin, wadda ke fafutukar haɗe tsibirin Ailan ya zama ƙasa ɗaya, zai riƙa cin karo da wannan kalma. A Jamhuriyar Ailan mai zaɓe ba ya dangwala wa mutum ɗaya. Lamba yake rubutawa a gaban sunayen 'yan takara: 1 ga wanda ya fi kwanta masa a rai, 2 ga mai bi masa, har inda ya ga dama. Lamba 1 ɗin nan ita ce zaɓin farko.

A zaɓen majalisar dokoki, kowace mazaɓa tana da kujeru 3 zuwa 5, kuma akwai adadin ƙuri'un da ɗan takara zai kai kafin ya ci. Idan ya zarce adadin, rarar ba ta tafiya a banza, ana raba ta ga waɗanda masu zaɓensa suka sa a lamba 2. Wanda ya zo na ƙarshe kuwa a cire shi, a raba nasa ƙuri'un haka nan.

A zaɓen Fabrairun 2020, tsadar gidaje ta tura matasa wajen Sinn Féin, ta samu kashi 24.5 cikin 100 na zaɓin farko, fiye da kowace jam'iyya. Amma kujeru 37 ta tashi da su daga cikin 160. Dalili kuwa, ta sha kashi a zaɓen ƙananan hukumomi na 2019, sai ta tsorata, ta tsayar da mutum 42 kacal. Shugabarta Mary Lou McDonald ta tara rara mai yawa a mazaɓarta ta tsakiyar Dublin, babban birnin ƙasar, babu ɗan jam'iyyarta da zai karɓa, ƙananan jam'iyyu suka kwashe. A ganina wannan ita ce babbar damar da ta kuɓuce mata. Manyan jam'iyyun Fianna Fáil da Fine Gael, waɗanda suka ƙi zama inuwa ɗaya da ita saboda tsohuwar alaƙarta da mayaƙan IRA (ƙungiyar da ta ɗauki makamai don kawo ƙarshen mulkin Birtaniya a Arewacin Ailan), suka haɗu da jam'iyyar kare muhalli suka kafa gwamnati.

A Nuwamban 2024 kasonta ya sauka zuwa kashi 19, da kujeru 39 cikin 174, ta sake zama a adawa. Shi ya sa alƙaluman zaɓin farko kaɗai ba sa gamsar da ni game da makomarta. Sai ta shawo kan magoya bayan wasu su ba ta lamba 2 da 3, ta kuma sami wanda zai yarda su kafa gwamnati tare.