Alamomin girgizar ƙwaƙwalwa masu daɗewa

Girgizar ƙwaƙwalwa rauni ne da ke samuwa idan an bugu a kai, ko jiki ya fizgu da ƙarfi har ƙwaƙwalwa ta motsa cikin ƙoƙon kai. Tana aukuwa a filin ƙwallo da fagen dambe, da kuma haɗarin babur, musamman ga wanda ba ya sanye da hular kwano. Ba lallai sai mutum ya suma ba, kuma hoton ƙwaƙwalwa na asibiti (CT ko MRI) yawanci yakan fito lafiya lau, domin matsalar tana cikin aikin ƙwaƙwalwar ne. Akasarin mutane na warkewa cikin mako 2 zuwa 4. Taron ƙwararru na duniya karo na 6 kan girgizar ƙwaƙwalwa a wasanni, wanda aka yi a Amsterdam a 2022, ya ɗauki alamomin da suka wuce mako 4 a matsayin masu daɗewa, ga yara da manya.

Alamomi

Waɗanda aka fi gani su ne ciwon kai, jiri, mantuwa, rashin barci, saurin fushi, da ƙin haske ko hayaniya. Ɗalibi zai karanta shafi guda, ya ji idanunsa sun yi nauyi, layukan suna haɗuwa. Wanda alamominsa suka yi tsanani tun farko, ko yake da ciwon ɓarin kai ko ciwon damuwa kafin buguwar, ya fi fuskantar jinkirin warkewa.

Sau da yawa tushen ba ƙwaƙwalwar kaɗai ba ce. Wuya kan ji rauni tare da kai, ya riƙa haddasa ciwon kai. Ƙananan tsakuwoyin da ke can cikin kunne kan goce daga mazauninsu, sai mutum ya ji ɗaki na juyawa duk sanda ya juya a kan gado. Wannan ana gyara shi da dabarar Epley, wadda likita ke jujjuya kan majinyaci daki-daki. Yawan shan maganin ciwon kai irin su farasitamol, kwana 15 ko fiye a wata, shi kansa yana iya sa ciwon ya ƙi tafiya.

Jinya

A da akan kwantar da majinyaci a ɗaki mai duhu har sai ya daina jin komai. Yanzu an bar wannan, don doguwar kwanciya tana jinkirta sauƙi. Shawarar ita ce hutun sa'o'i 24 zuwa 48 tare da rage kallon waya, sannan a fara 'yar tafiya.

A Jami'ar Buffalo ta Amurka, John Leddy da Barry Willer sun fito da gwajin da ake ɗora majinyaci kan na'urar tattaki, ana ƙara ɗaga ta kamar hawan tudu a hankali har alamomi su fara motsawa. Sai a rubuta bugun zuciyarsa a wannan gaɓar, a ba shi atisayen kusan minti 20 kullum ƙasa da wannan iyakar, ana ɗagawa a hankali. Ƙaruwar ciwo kaɗan na ɗan lokaci ba abin tsoro ba ce.

Jiri da ciwon wuya da suka haura kwana 10 aikin likitan fisiyo ne, wato mai jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi da atisaye. Damuwa da rashin barci kuwa ana magance su da zaman tattaunawa da likitan halayyar ɗan Adam. Ana komawa makaranta ko aiki mataki-mataki, amma ba a komawa wasan da ake karo sai da izinin likita. Amai a kai a kai, farfaɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ciwon kai mai ƙaruwa na iya nuna zubar jini cikin kai, kuma suna buƙatar a garzaya asibiti nan take.