Kwamfutar haɗa bidiyo

Kwamfutar haɗa bidiyo ita ce wadda aka zaɓi kayan cikinta domin yanka hotuna masu motsi, a jera su, a ɗora musu sauti. A Maraɗi masu sana'ar kan ce wa aikin montaj, a Kano kuwa editin.

Tarihi

A da, da na'urorin kaset biyu ake aikin, ɗaya na kunnawa, ɗaya na ɗauka. Wanda ya so sauya abu a tsakiya, dole ya sake daga nan har ƙarshe. Galibi ana ɗaukar CMX 600 ta 1971 a matsayin na'urar farko da ta raba mai aiki da wannan wahala, sai dai tsadarta ta hana ta yaɗuwa. Kamfanin Avid ya fito da nasa tsarin a kan kwamfutar Macintosh a 1989, manhajar Adobe Premiere ta biyo a 1991.

Abin da ya kawo aikin hannun talaka shi ne kaset ɗin dijital na DV da wayar FireWire da ake juye shi cikin kwamfuta da ita, wajen 1995. Awa guda ta DV kan ci kusan gigabait 13, alhali faifan yawancin kwamfutocin lokacin bai kai haka ba. Kuma juye kaset na awa guda, awa guda ake zaune ana jira. Ana jin tsarin ya bazu a ƙasar Hausa ne a farkon shekarun 2000.

Kayan ciki

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, ita ce uwar aiki. Bidiyon waya, mai tsarin H.264 ko H.265, a matse yake, kuma warware shi ne ke sa hoto ya riƙa ƙamewa. Furosesar Intel mai Quick Sync, ɓangaren da ke matse bidiyo da warware shi, wanda ya fito a 2011, da katunan hoto na Nvidia suna ɗauke wannan nauyi. Adobe ta ba da shawarar RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, gigabait 16 ga bidiyon HD irin 1080p, 32 ga 4K, wanda ɗigoginsa suka ninka na 1080p sau huɗu. SSD, ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, na nau'in SATA kan karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, faifai mai juyawa ba ya kai rabin haka, shi ya sa ake bar masa ajiya kawai.

Tsakanin Mac da Windows, ba a daidaita kan wadda ta fi ba.

A Maraɗi

Yawancin aikin na biki ne da suna da wa'azi da waƙa, wanda 1080p ya wadatar, tunda a WhatsApp zai ƙare. Wuta ce ta fi yanke hukunci. Daga Najeriya ake jawo ta, kuma an katse layin a Agustan 2023 bayan juyin mulki, sai a Maris na 2024 aka mayar. Laftof mai batir kan tsira da aikin da ta tebur za ta zubar in an ɗauke wuta ana cikin fitar da bidiyo.

Sai zafi da ƙura. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, furosesa in ta gasu da kanta take rage gudu. Mai sayen ta hannu kan sa a kunna ta, a ɗora mata bidiyo mai nauyi, ya kara tafin hannu a bakin fanka ya ji ko iska na fitowa.