Jinyar rukuni ba zaman tonon asiri ba ce

An daɗe ana cewa haɗa masu ciwon firgicin bayan tashin hankali a ɗaki ɗaya fama tsohon miki ne kawai, gara a bar su su manta. Tsoron yana da dalili, amma gudun tuna abin da ya faru na daga cikin abubuwan da ke sa ciwon daɗewa.

Ba a tara mutane haka kawai. Likita yakan tantance kowa shi kaɗai tukuna. Mai tunanin kashe kansa a fara ba shi kulawa ta daban. Rukuni yakan ƙunshi mutum 6 zuwa 10, sau ɗaya a mako, minti 60 zuwa 90. Zaman farko na ƙa'idar riƙe sirri ne, da sanin alamomi irin su mugun mafarki da zabura, da koyon daidaita numfashi. A rukunoni da yawa ma an hana zayyana abin da ya faru dalla-dalla, don kada ya tayar wa sauran mutanen da nasu ciwon. Matsala takan zo ne idan mutum ɗaya ya mamaye magana, ko aka daina zuwa bayan nauyin makonnin farko. Sai dai jinyar mutum shi kaɗai ta fi ƙarfin hujja a bincike.

Ku tambayi mai jagorancin rukunin: wane horo ya samu? Ana auna alamomi da takardar tambayoyi kafin farawa da bayan gamawa?

Don Allah ku tura wa masu jinyar irin waɗannan marasa lafiya.