Wai wane ne siniya rejistra a ɗakin yara, da komai sai an ce a jira shi?

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro a asibitin koyarwa, ko namu na Shika ko waninsa, ya san wannan maganar: "Mama ki ɗan yi haƙuri, bari cif ya zo ya gan shi." Cif ɗin nan shi ne siniya rejistra. Sai uwa ta rasa gane kan abin, ga likita a tsaye da abin sauraron ƙirji a wuya amma wai sai wani ya zo. Na yi shekaru a ɓangaren yara, daga ƙasa na fara har na riƙe wannan matsayin, toh ga amsar tambayoyin da iyaye da ƙannenmu ɗalibai suka fi yi min.

Shi siniya rejistran nan, shi ne babban likita?

A'a, akwai na sama da shi, wato kwansaltan. Abin hawa-hawa ne. Mutum zai yi shekara 6 a jami'a, ya fito ya yi shekara 1 ta hawus job, wato aikin koyo na sabon likita, ana ce masa hawus ofisa, yana zagaya ɓangarori huɗu wata 3 kowanne, yara na ciki. Bayan bautar ƙasa in yana son ƙwarewa a lafiyar yara sai ya ci jarrabawar share fage ya shiga horo a matsayin rejistra, ya yi shekara 2 zuwa 3, ya ci jarrabawar kashi na ɗaya, sannan ne ake ce masa siniya rejistra. Daga nan ma da saura, sai ya ƙara wasu shekaru, ya rubuta bincike, ya ci kashi na biyu kafin ya zama kwansaltan. Kwalejoji biyu ne ke shirya jarrabawar, ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas wadda aka kafa a 1979, da kuma ta likitocin Afirka ta Yamma. Kenan wanda kike jira ɗin nan ya kai shekara 10 a kan hanyar tun shigarsa jami'a. Kuma ba lallai namiji ba ne, a ɓangaren yara mata suna da yawa.

Tunda akwai kwansaltan, shugabancin me kuma shi yake yi?

Sunan kwansaltan ne a kan fayil kuma magana ta ƙarshe tasa ce, amma yana da kilinik, yana da aji, yana da taro, zagayensa na da ranaku. Wanda ke wod kullum shi ne siniya rejistra, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da safe shi zai karɓi bayanin waɗanda suka kwana a kol, wato a bakin aikin dare, yara nawa aka kwantar, wa ya rikice, wa aka rasa. Sai ya ja tawaga gado-gado, rejistra na karanto fayil, hawus ofisa na rubutu, ɗalibai na baya suna leƙe, yana raba aiki, wane kai samfuri ɗakin gwaji kuma kar ka dawo sai da sakamako, wance ki bi maganar jinin gado na 4, wane ka canza kanular nan ta kumbura. Da yamma kuma ya dawo ya tambaya an yi ko ba a yi ba. Wannan dawowar ita ce rabin aikin, don umarnin da aka rubuta a fayil ba a bi shi ba bai warkar da kowa.

Me yake gani wanda ƙananan likitoci ba su gani ba?

Yaro ba ƙaramin babba ba ne da za a raba maganin babba biyu a ba shi. Kusan komai da nauyi ake auna shi, shi ya sa abu na farko da cif nagari ke tambaya shi ne, an ɗora shi a sikeli ko ƙiyasi aka yi? Ɗauki allurar atesunet da ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, wanda ya kai kuma 2.4, a yi ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa ta 24. Hawus ofisan da ya kwana bai runtsa ba zai iya kuskuren lissafi, dole a samu ido na biyu. Yaro ya zo yana jijjiga kowa na neman allurar tsayar da ita, shi ne zai ce an duba suga kuwa? Ko mai tamowa da gudawa, uwa na roƙon a sa masa ƙarin ruwa kamar yadda aka sa wa na gefensa, alhali zuciyar irin wannan yaron ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa da yawa ta jijiya, a hankali ake binsa ta baki ko ta robar hanci, da madarar F-75. Jariri mai shawara kuma, shi zai duba gwaji ya ce sa shi a ƙarƙashin fitilar magani ya isa ko sai an yi canjin jini a daren, ya buga wa kwansaltan waya.

Sai zaɓen wa za a fara gani. Ku zo sashen gaggawa na yara da damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, an zo daga Giwa, daga Soba, daga Kudan, wasu tun daga Funtuwa, kowa na ganin nasa ya fi tsanani. Sabon likita yakan nufi yaron da ke tsala ihu. Wanda ya daɗe kuwa idonsa na kan wancan da ya yi laƙwas a bayan uwarsa, tafin hannu fari fat, ko kuka ba ya iyawa.

Ana cewa wasunsu akwai faɗa, ƙananan likitoci na shakkarsu. Ba haka ya dace ba, don a yi aiki?

Nan ne nake da magana. A wani asibiti a wata jiha inda na yi hawus job, na yi aiki da cif biyu. Na farko gwani ne, wallahi ya san aiki, amma in ka yi kuskure a gaban iyaye da ɗalibai zai wanke ka tas, in ka kira shi da dare ya tarar abin bai kai ba kuwa ka shiga uku. Wata rana wajen ƙarfe ɗaya na dare ina tsaye kan wata yarinya 'yar wata 8 mai limoniya, tana kan oksijin amma ƙirjinta sai lotsawa yake, na ciro waya na mayar aljihu, na sake cirowa na mayar, ina cewa bari in ƙara minti talatin in gani. Wata dattijuwar nas ce ta matso ta ce min a hankali, "Dakta, kira shi. In faɗa ne gobe ma ya wuce, yarinyar nan ba za ta kai asuba a haka ba." Na kira. Allah ya yi da sauran kwananta. Amma har yau ina tuna mintunan nan da na ɓata, ba rashin sani ne ya sa ba, tsoro ne.

Ta biyun mace ce, ranar farko ta ba mu lambarta ta ce, "Ku kira ni sau goma a banza ya fi min ku ƙi kira sau ɗaya." Ba wai ba ta gyara ba fa, tana gyara sosai, in ka rubuta magani ba nauyi a jiki sai ka sake rubutawa, amma gefe take janka, kuma sai ta tambaye ka me ka yi tunani kafin ta faɗi nata. A hannunta muke faɗin kuskurenmu da bakinmu tun bai yi nisa ba. Yaro awa ɗaya ta ishe shi ya juye, toh shugaban da aka ji nauyin tashinsa daga barci, yaran wod ɗinsa ne ke biyan kuɗin wannan kwarjinin. Da na hau matsayin, maganarta na fara maimaita wa ƙannena.

Yana da iko a kan nas-nas?

Suna da nasu shugabancin, metiron ce a kansu. Aiki ne na haɗin gwiwa, kuma mai hankali ba ya raina maganar sistar da ta yi shekara 20 a ɗakin jarirai. In ta ce "wannan jaririn bai min ba yau", a je a duba.

Me ya sa shi ake turowa in magana ta yi nauyi?

Saboda akwai maganar da ba ta sabon likita ba ce. Ana zargin sanƙarau, ana so a ɗebi ruwan baya, uba ya ce shi fa ya ji ana cewa yana gurgunta yaro. Ko kuɗi ya ƙare, Malam ya ce a sallame su su koma gida a yi na gargajiya. Ko uwa ta ce ba za ta sa hannu a kan ƙarin jini ba sai maigida ya zo daga ƙauye. Irin wannan sai an samu kujera an zauna, a ce Baba ga abin da muke gani, ga abin da muke tsoro in aka tafi, a saurari nasa uzurin, a nemi ofishin walwala ko a rage gwajin da zai iya jira. In kuma rai ya yi halinsa, shi ya kamata ya tsaya gaban iyaye ya faɗa da bakinsa ya yi musu ta'aziyya, ba ya tura hawus ofisa ba, sannan ya waiwayi shi ƙaramin likitan, wataƙila wannan ne yaro na farko da ya rasu a hannunsa.

Ni uwa ce, zan iya cewa ina son ganinsa?

Ƙwarai kuwa, haƙƙinki ne. Ki tambayi nas sunan siniya rejistran da ke kula da yaronki da lokacin zagayensa, ki tanadi tambayoyinki kafin ya iso gadonku, in kin san yawan abin da yaron ya sha da sau nawa ya yi fitsari ko amai ki faɗa masa, yana buƙatarsu. Amma in kin ga numfashi ya canza, ko ya fara jijjiga, ko ya daina kama nono, ko kina tashinsa ba ya farkawa sosai, kar ki jira zagaye, ki tashi ki kira nas a lokacin ko da ƙarfe ukun dare ne, ki ce mata jikin ya canza, a kira likita.