Waiwaye: Mars Fontana da yadda tsatsa ta zama darasi a jami'a

Har yanzu akwai masu mamaki idan suka ji an ce mutum ya ƙare rayuwarsa yana binciken tsatsa har ya zama farfesa aka ba shi lambar yabo, kaga a wajen mafi yawan mutane tsatsa ƙaddarar ƙarfe ce kawai, in ya tsufa ya ci, a jefar a sayi wani. Toh amma wannan fannin yana da tarihi mai tsawo.

Tun 1824 Humphry Davy ya gwada wani abu a jiragen ruwan yaƙin Ingila, waɗanda ake lulluɓe ƙasansu da tagulla ruwan gishiri yana cinye ta. Sai ya liƙa guntayen zinki da baƙin ƙarfe a jikin tagullar, su suka riƙa ciwuwa ita ta tsira. Dabarar ta yi aiki, sai dai wata matsalar ta ɓullo, ashe ɗan narkewar da tagullar ke yi shi ne ke korar ciyawa da ƙananan halittun teku, da ta daina narkewa sai suka manne wa jirgin suka rage masa gudu. A 1903 Willis Whitney a Amurka ya nuna cewa tsatsa aikin lantarki ce da ke gudana a jikin ƙarfe idan ya haɗu da ruwa, daga baya Ulick Evans na Jami'ar Cambridge ya kafa wannan ilimi da gwaje-gwaje.

Duk da haka ilimin ya fi zama a ɗakin gwaji, injiniyan da ke masana'anta bututu na fashe masa ba ruwansa da shi. Nan ne Mars Fontana ya shigo, kuma a ganina nan ne girman aikinsa yake. An haife shi a 1910 a jihar Michigan, ya yi digirin dakta a Jami'ar Michigan, ya yi kusan shekara 10 a kamfanin DuPont yana fama da tankuna da bututun da asid ke ci, wato ya ga ɓarnar da idonsa kafin ya koma Jami'ar Jihar Ohio a 1945, a 1948 kuma ya zama shugaban sashen injiniyancin ƙarafa, ya daɗe a kujerar har wajen ritayarsa a 1975.

Abin da ya koya wa ɗalibai shi ne su duba ɓarnar da kyau kafin su yi maganar magani. Ya kasa tsatsa gida 8 bisa kamanninta. Daga ciki akwai wadda ke cin fuskar ƙarfe gaba ɗaya, wannan da sauƙi don kana iya auna ta ka san yaushe za ka canza, akwai wadda ke zuwa idan an haɗa ƙarafa biyu mabambanta, akwai mai ɓuya ƙarƙashin noti da washa inda ruwa ke kwanciya, akwai mai huda ɗan rami kamar tsinin allura ta yi ta nitsewa alhali sama na ƙyalli. Mafi hatsari ita ce wadda ke haɗuwa da nauyin da ƙarfen ke ɗauke da shi ta tsaga shi a ɓoye.

A 1967 littafinsa na koyarwa da suka rubuta da Norbert Greene ya fito, a shekarar ce kuma ranar 15 ga Disamba gadar Silver da ke kan kogin Ohio ta rufta da motoci, mutum 46 suka mutu. Da aka bincika, irin wannan tsagar ce da tsatsa ke yi a ɓoye, wadda zurfinta bai wuce milimita 3 ba a jikin sandar ƙarfe guda ɗaya tak, a wurin da ido ba ya kaiwa sai an kwance haɗin. Bayan wannan ne Amurka ta kafa dokar duba gadoji a kai a kai.

Ƙungiyar injiniyoyin tsatsa ta NACE, wadda aka kafa a 1943, ta ba shi lambar yabo ta Speller a 1956, aka kuma zaɓe shi cikin majalisar manyan injiniyoyin Amurka. Ya rasu a 1988, cibiyar binciken tsatsa ta jami'arsa tana ɗauke da sunansa. A 2016 NACE ɗin ta ƙiyasta cewa tsatsa na cinye wa duniya dala tiriliyan 2.5 a shekara, kuma kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari na wannan asarar ana iya kauce mata da dabarun da tuni an san su.