Waiwaye: wayoyin ƙarƙashin teku da giɓin da aka bari tun 1884

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, intanet ya yi ta ɗaukewa daga Laberiya har Kamaru. A Kano da Kaduna masu POS sun wuni suna bai wa jama'a haƙuri, tura kuɗi ta banki ya gagara. Daga baya aka ji cewa manyan wayoyi huɗu ne suka tsinke a ƙarƙashin teku, daura da gaɓar Kwaddibuwa. Makonni kaɗan kafin nan wasu sun tsinke a Bahar Maliya, a ƙarshen shekarar kuma aka samu irin haka a tekun Baltik. Tun lokacin ake ta muhawara: hatsari ne ko zagon ƙasa, wa zai biya, wa ke gadin waɗannan wayoyi? Ana magana kamar sabon abu ne ya faɗo mana, alhali tambayoyin sun girmi intanet da fiye da shekara ɗari.

Farkon labarin sananne ne. A 1850 aka shimfiɗa zaren jan ƙarfe tsakanin Ingila da Faransa, an lulluɓe shi da ƙaron wata bishiya ta yankin Malaya mai kama da roba. Bai kwana biyu yana aiki ba. A 1851 aka sake, wannan karon da sulken ƙarfe, ya kuma zauna. A watan Agustan 1858 aka haɗa Ailan da tsibirin Nufanlan, da ke gabashin Kanada a yau, ta tekun Atlantika, saƙon Sarauniya Biktoriya mai kalma 98 ya ɗauki wajen awa 16 kafin ya isa ga shugaban Amurka, wayar kuma ta mutu cikin makonni uku. Ta Bahar Maliya, wadda aka ja a 1859 daga Suwez ta bi ta Sawakin, tashar da alhazanmu na ƙafa suka sani, zuwa Adan, ita ma ta lalace ba a more ta ba. Kwamitin binciken da ya ba da rahoto a Landan a 1861 ya gano cewa cikin mil 11,364 na wayar da aka zuba a ruwa, wajen 3,000 kacal ke aiki. Sai a 1866 katafaren jirgin nan Great Eastern ya shimfiɗa wayar Atlantika da ta ɗore. Shekara 20 bayan haka, a 1886, waya ta iso Ikko. Wannan tangaraho ne ya bar mana "buga waya" da "gidan waya" a bakinmu.

Yawanci a nan ake rufe labarin, a ce injiniyoyi sun yi nasara. Amma da wayoyin suka fara ɗorewa sai wata matsala ta fito, wadda ba ta injiniya ba ce. Jiragen kamun kifi masu jan taru a ƙasan ruwa suna ta sarƙe waya, matuƙa suna sakin ƙugiyar tsayar da jirgi a kanta. Wanda tarunsa ya maƙale, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya sa gatari ya datse, ya yi gaba. Tsakiyar teku ba gonar kowa ba ce, babu sarki balle alƙali.

Wannan ya sa ƙasashe fiye da 20 suka taru a Faris suka sa hannu a yarjejeniyar kare wayoyin ƙarƙashin teku. Ranar kuwa 14 ga Maris 1884, wato shekara 140 cif kafin ranar da masu POS suka wuni a zaune. Ta fara aiki a 1888. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a teburin, kuma a watan Nuwamban shekarar ne aka buɗe taron Balin inda Turawa suka tsara yadda za su raba nahiyar.

Akwai basira a cikin takardar. Ta ce tsinka waya da gangan ko ta hanyar mummunan sakaci laifi ne. Ta ce jiragen ruwa su bai wa jirgin da ke gyaran waya tazarar mil ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne sashe na 7: masuncin da ya haƙura ya bar tarunsa ko ƙugiyarsa a ruwa don kada ya lalata waya, mai wayar zai biya shi diyya. Sun gane cewa mai neman abinci ba ya sadaukar da jarinsa don wa'azi, sai in ya san za a mayar masa.

Sai dai an bar ƙofofi biyu a buɗe. Ta farko, sashe na 8 ya ce kotun ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta ce za ta yi shari'a. A wancan zamani mai jirgi da matuƙi da tuta galibi duk 'yan gida ɗaya ne. Yau mai jirgi yana wata nahiya, ma'aikatansa daga wata, rajista kuma a wata ƙasa can da katsewar wayar ba ta taɓa ko ɗan kasuwa ɗaya nata ba. Wanda aka yi wa ɓarna ba shi da hurumin gurfanarwa, mai hurumin kuma ba abin da ya dame shi. Ta biyu, sashe na 15 ya ce yarjejeniyar ba ta ɗaure hannun masu yaƙi ba. Ba a daɗe ba aka ga amfanin wannan layi: a yaƙin Amurka da Sifen na 1898 an datse wayoyi a Kuba da Manila, sannan a watan Agustan 1914, da barkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka yanke wayoyin Jamus biyar a mashigin Ingila.

Akwai sashe na 10, wanda ya bai wa jirgin yaƙi damar tsayar da jirgin da ake zargi ya duba takardunsa. An yi aiki da shi a 1959, lokacin da sojojin ruwan Amurka suka hau wani jirgin kamun kifi na Tarayyar Sobiyat kusa da Nufanlan bayan wayoyi sun tsinke. Da aka zo rubuta dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1982, an kwashe batun laifi da na diyya an zuba a sassa na 113 zuwa 115, hukunci ya ci gaba da zama a hannun mai tuta, amma ba a ɗauko wannan dama ta bincike ba.

Ba kowace katsewa ce ke da mai laifi ba. A 1929 girgizar ƙasa a kudu da Nufanlan ta tunkuɗo laka a ƙasan teku ta tsinka wayoyi 12, kuma zaftarewa irin wannan aka fi zargi a abin da ya faru daura da Kwaddibuwa. Duk da haka, cikin katsewa 150 zuwa 200 da ake samu duk shekara a duniya, mafi yawa taru ne da ƙugiyar jirgi, su ɗin dai da suka sa aka yi zaman Faris. Jan ƙarfe ya ba wa zaren gilashi wuri, kalma 98 ta awa 16 ta zama bidiyo a tafin hannu, amma idan jirgi ya ja ƙugiya a kan wayar da ta nufo Legas a can tsakiyar ruwa, ƙasar da tutarta ke kaɗawa a kansa ce har yanzu za a jira ta kira shi kotu.